Ruwan Mai Zaure

Gonaki tara ne a layinmu, tawa ce ta tara. Duk wanda ya san noman rani a ƙasar Kura ya riga ya tausaya mini. Wanda bai sani ba, ga yadda abin yake. Ruwa na tahowa ta babban kanal, ranar da rabonmu ya zagayo a buɗe masa ƙofa ya shigo ƙaramar magudana, ya riƙa bin gonaki ɗaya bayan ɗaya kamar mai rabon goro a wurin suna. Na farko ya ɗiba son ransa, na biyu ya ɗiba. Kafin a iso kaina mai rabon ya gaji, faifan kuma ya kusa zama wayam. 'Yan wutsiya ake ce wa irinmu. Gadon wurin na yi. Mahaifina mutum ne da ba ya son hayaniya, kuma ranar da aka yanka filayen nan, da alama masu hayaniya ne suka tsaya a gaba.

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare. Da na ajiye alli, abu na farko da na yi wa kaina shi ne sayen farantin satalayit da dikoda, don in riƙa ganin labaran duniya da idona maimakon in ji su a rediyo. Mai haɗawa ya zagaya gidan ya ce babu bangon da ya kai na zaure tsawo, can ya kafa farantin. Hajiya, uwar 'ya'yana, ta ce tunda waya ta sauko a zaure, talabijin ɗin ma ya zauna a can, ba ta son maza su riƙa yi mata sallama a tsakar gida. Na ga maganarta da hankali. Na ƙara batir a kan sola, na shimfiɗa tabarma ɗaya.

Kafin wata ya cika tabarmin sun zama huɗu.

Ban gayyaci kowa ba. Talabijin a zaure shi ke yin gayyarsa. Daga an sallame la'asar sai su fara sauka: masu gonakin layinmu kusan duka, da wasu maƙwabta. Jagoransu taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda ya girme ni da wata biyar yake kuma ɗaukar watannin nan kamar shekara biyar. Alhaji nake ce masa, shi kuma ya ce mini Hedimasta idan yana son tsokana, Malam idan yana neman wani abu. Tasa ce gona ta farko a layi, a bakin ƙofar ruwa. Tun ranar da ya fara zuwa ya ɗauki rimot ya ɗora a cinyarsa, kuma ban tuna ranar da ya dawo hannuna ba.

Tsarin farantin kuwa na wata-wata ne. Ka biya, a buɗe maka tashoshi fiye da yadda za ka iya ƙirgawa. Akwai ta masu dafa abincin da ba a cin irinsa a nan, akwai ta masu tseren mota, akwai wadda daga safe zuwa dare wata mata ke tallar tukunya. Ni uku nake so: labarai, da tashar namun daji, da wadda ke nuna masu ɗawafi. Amma ba a sayar da uku. Kamar ka je kasuwar Bunkure neman gishiri ne a ce sai ka sayi rumfar duka, har da mai rumfar. Kwanakin kuma tafiya suke yi ko ka kalla ko ba ka kalla ba. Ka yi tafiya, suna tafiya. Hadari ya taso da damina hoton ya daskare, suna tafiya. Ko ukun nan da nake so ba kasafai nake ganinsu ba, domin Alhaji ƙwallo yake so, in babu ƙwallo kokawar Turawa.

Ni kuwa na yi ritaya ne da buri. Akwai adakar littattafai a ɗakina da na yi shekaru ina yi wa alkawari. Na ce idan na huta zan bi su ɗaya bayan ɗaya tsakanin la'asar da magariba, lokacin da rana ta yi sanyi ido kuma bai gaji ba. Sai ga shi wannan lokacin ne aka ƙwace. Mai zaure ba ya barin baƙi ya shige ɗaka. Gara ce kawai ke karanta littattafan, kuma ta fi ni nisa.

A zauren nan ne kuma ake yanke maganar ruwa, ko da yake a lokacin ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Jajibirin ranar ruwa, idan 'yan ƙwallo suka tafi hutun rabin lokaci, sai wani ya ce, "Af, gobe fa ruwa." A yi 'yar muhawara: wane tumatirinsa ya fara fure, wane ya zuba taki jiya, wane zai je biki yana so ya fara. Sai Alhaji ya rufe da magana ɗaya da ba ta canjawa: "A bar wa Malam na hantsi." Ma'ana, da hantsi kowa ya toshe bakin gonarsa, ruwa ya wuce kai tsaye har wutsiya, in shayar da albasata tun yana da ƙarfi, sannan a koma bin layi. Shekara shida ana haka. Ni a raina na ɗauka girmamawa ce. Kusan kowannensu ni na koya wa 'ya'yansa baƙi da wasali, biyu daga cikinsu ma su kansu sun zauna a ajina. Na ce ilimi dai bai faɗi ƙasa banza ba.

Sai 'yata ta biyu ta zo hutu daga Birni, inda take aikin jinya. Ta tarar da ni a ƙofar gida ina jiran a gama wani wasa in samu in ga labarai. Da baƙin suka watse ta karɓi wayata.

"Baba, har yanzu kana kan wannan wahalar? Mutane sun bar nan wurin."

"Ina suka koma?"

"Nan." Ta ɗaga wayar. Ta sa mini wata manhaja, ta nuna mini yadda ake sayen tikitin kallo na kwana ɗaya, ko na mako. "Ranar da kake so ka saya, ranar da ba ka so ka bari. Ba wanda ya ɗaure ka. Ba faranti, ba mai haɗawa, ba ruwanka da hadari. Data kawai za ka sa. Kuma Baba, rimot ɗin yatsanka ne."

Wannan ta ƙarshen ce ta kama ni.

Halin malanta ba ya barin mutum. Washegari na ɗauki takarda na ja layi a tsakiya, faranti a dama, waya a hagu. A ƙarƙashin faranti na rubuta: hoto babba, ba ya jiran sabis, amma wata cur, da tashoshin da ba na so, da Alhaji. A ƙarƙashin waya na rubuta: hoto ƙarami, yana cin data, wani lokaci ya tsaya yana juya 'yar da'ira, amma ni ke da shi. Na duba amsar sau biyu kamar yadda nake gaya wa yara. Waya ta ci.

Na nuna wa Hajiya takardar tana tsince shinkafa. Ta kalle ta, ta kalle ni.

"Ka gama lissafin duka?"

"Ga shi kina gani."

"To. Kai ka yi makaranta."

Ta ci gaba da tsintarta. Da na san ta kamar yadda nake taƙama na san ta, da na zauna na tambaye ta abin da na manta.

Watan ya ƙare ina da mako uku da dasa albasa. Ban sabunta ba. Da la'asar jama'a suka taru, Alhaji ya danna rimot, sai rubutu ya fito a kan shuɗin allo. Ya danna wata tashar, rubutun dai.

"Hedimasta, karanta mana. Mu ba mu yi nisa ba."

"Cewa ya yi wata ya ƙare."

"To ai sai a ga sabo."

Na yi musu bayani tiryan-tiryan, kamar darasi. Har na fito da wayar, na sayi tikitin ranar a gabansu don su ga abin mamaki. Kawuna tara suka haɗu a kan abin da bai fi tafin hannu ba. Wani ya ce ba ya ganin ƙwallon, wani ya ce ai ga ta can, ashe ƙuda ne. Ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai buga sai hoton ya tsaya, da'irar nan ta hau juyi. Muka jira. Da ya dawo har an ci, ana murna.

"Wannan ai kallon marowata ne," in ji Alhaji. "Mutum ɗaya, kamar cin ƙwai a ɗaka." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Washegari mutum biyar suka zo, aka yi hira sama-sama. Rana ta uku biyu. Rana ta huɗu na shimfiɗa tabarma ɗaya, ni kaɗai na zauna a kanta. Na ji labari sun koma rumfar mai injin casar shinkafa a bakin titi, shi ma yana da faranti. Na yi musu fatan alheri da zuciya ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, kwanakin da suka biyo baya sun yi daɗi. Na buɗe adaka, na kakkaɓe abin da gara ta rage. Ranar da na ga dama in sayi tikiti in kalli labarai daga farko har ƙarshe ba wanda ya ce a canja. Na ga yadda giwaye ke haƙa ruwa a busasshen rafi, ina kishingiɗe a gindin darbejiya. Sai in yi kwana uku ban saya ba, kuma babu abin da ke ƙonewa a banza. Tun da na fara aiki ban taɓa jin yammacina nawa ne kamar lokacin ba.

Ranar ruwa ta zo. Na saɓa shebur da hantsi kamar kullum, na buɗe bakin fangalin farko, na tsaya. Magudana a bushe, ƙadangare na shan rana a ciki. Na ce ko ba a buɗe ƙofa da wuri ba ne. Na bi layi zuwa sama. A gona ta bakwai, ta mai injin casa, na tarar da ruwa na kwarara, ma'aikatansa na juya shi fangali zuwa fangali. Suka gaishe ni da ladabi. Daga nan aka koma aka faro daga ta farko. Ruwa bai iso ni ba sai bayan la'asar, siriri kamar an matse tsumma, kuma ban shayar da rabi ba aka rufe ƙofa.

Na ce kuskure ne. Zagaye na biyu ma haka. Albasa ba ta da haƙurin dawa, saiwarta a sama take. Bakin ganyen ya fara yin rawaya, ƙasar fangalin ƙarshe ta tsage har ina sa yatsa.

Na sami Alhaji a gonarsa yana zaune a kan kunya, ƙafafunsa cikin ruwa.

"Alhaji, me na yi muku?"

"Kai? Me kuwa za ka yi? Zauna mana."

"Sau biyu ke nan ba a bar mini na hantsi ba."

"Ai an yi maganar. Ba ka nan."

"A ina aka yi?"

"Inda ake yi." Ya ɗebi ruwa ya wanke fuska. "Muna zaune a rumfar mutum, a kan bencinsa, muna kallon abinsa, ga gonarsa can ƙasa-ƙasa. Ya ce shinkafarsa na son ruwa. Da wane ido za mu ce masa a'a?"

"Ni da wane ido kuka ce mini a'a?"

"Ba mu gan ka ba balle mu ce maka." Sai ya dube ni da kyau, dariya ta fara taruwa a fuskarsa. "Tsaya. Hedimasta, kai duk shekarun nan a zatonka don me ake bar maka na hantsi?"

Na kawar da kai ina kallon magudana.

"La ilaha illallahu! Don karatunka? Wallahi don karatunsa ya ɗauka!" Ya buga cinya. "Ruwan mai zaure ne, ɗan'uwa. Tun kakanninmu, wanda ake zama a inuwarsa ba a barinsa a baya. Da can a gindin tsamiyar mai unguwa ake yi, shi ake bar wa. Ka sa faranti, inuwa ta dawo gidanka. Ka cire, ta tashi. Albasa ta san ka yi hedimasta ne?"

Taubashi yana da izinin faɗar abin da wani ba zai faɗa ba, ba kuma a fushi da shi. Na yi ƙoƙarin tuna hakan a hanyar gida.

Ban sallama nan da nan ba. Jajibirin ruwa na gaba na tafi rumfar mai injin da kaina. Aka karɓe ni hannu biyu, aka ba ni buhu na zauna. Injin na ruri, ƙaiƙayi na shiga wuya, talabijin na can sama an ƙure murya. Da aka zo maganar ruwa na ce albasata na mutuwa. Kowa ya jajanta. Aka ce in sha Allahu za a yi sauri a sama don ya iso ni da wuri. Mai rumfa dai aka bar wa na hantsi. Baƙo mai gona ta tara, na tara ne.

Na nemi hayar injin ban ruwa na yini ɗaya, in ja daga malalar da ke bayan gonata. Na samu sau ɗaya. Karo na biyu mai injin ban ruwan ya ce masu tumatir sun riga ni har mako biyu, malalar ma ta ja baya ta koma taɓo.

Na kira 'yata. Ranta ya ɓaci.

"Baba, wannan ai zalunci ne. Ba akwai shugabannin masu ruwa ba? Ka kai ƙara. A bi doka."

"Dokar cewa ta yi a fara daga ta ɗaya a ƙare a ta tara."

Sai ta ce, "To ka haɗa wayar da talabijin ɗin mana, ranar wasa kawai ka sayi tikiti."

Na riga na yi wannan tunanin. Ko sabis bai yi gardama ba, majalisa ba ranar wasa take so ba. So take kullum ta tarar da ƙofa a buɗe, abu na motsi a bango, ko da matar nan ce mai tallar tukunya. Zauren da yau akwai gobe babu, ba a mayar da shi wurin zama.

Ranar wata Laraba na hau babur zuwa Kura. A shagon da ake biya na tambayi matar da ke wurin ko akwai ƙaramin tsari, mai labarai da 'yan tashoshi kaɗan. Ta ce akwai. Na ce da ƙwallo a ciki? Ta ce irin wadda ake so tana cikin babban. Na tsaya ina kallon takardar da ke manne a bango kamar zan sami wata amsa a ƙasa. Sannan na ce ta sa babban.

Da na dawo na tarar an share zaure an yayyafa ruwa, tabarmi huɗu a shimfiɗe, randa cike. Ban gaya wa Hajiya inda za ni ba.

Ban aika wa kowa ba. Bayan la'asar na kunna, na ƙara murya yadda za ta kai bakin hanya, na zauna. Ranar farko mutum biyu suka leƙo. Rana ta uku sai ga Alhaji, ya yi sallama kamar jiya ya bar wurin, ya miƙa hannu ba tare da ya dube ni ba. Na sa masa rimot. Ya ce dama ƙaiƙayin can ya hana shi barci. Da aka tafi hutun rabin lokaci wani ya ce gobe ruwa, aka yi 'yar muhawarar da aka saba, ni ina kallon tabarma.

"A bar wa Malam na hantsi," in ji Alhaji.

Fangalan ƙarshe sun riga sun tafi. Sauran suka farfaɗo, na kwashe abin da bai kai rabin na bara ba, 'yan ƙanana, irin waɗanda mai saye ke juyawa a hannu yana taɓe baki.

Da damina ta faɗi na ce wa Hajiya yanzu kam ba mai neman ruwan kanal sosai, bari in huta da biyan faranti wata huɗu, in dawo da shi kafin dashe. Ta ce, "Wata huɗu a rumfar wani? Kwana ashirin ma da ƙyar ka dawo da su." Ban ɗauko takarda na ja layi ba a wannan karon.

Shekara uku ke nan. Manhajar na nan a wayata, ban goge ba. Wani lokaci da safe nakan buɗe ta in duba abin da ake nunawa, in rufe. Da la'asar ina zaune a kusurwar zaure, kusa da ƙofa inda haske ke shigowa, da littafi a cinyata. Nakan karanta layi biyu, sai a yi ihu, in ɗago in tambayi wa ya ci, don mai zaure ba ya zama kamar ba ya nan. Littafin da ke hannuna yanzu tun kafin azumi nake shafi ɗaya.

Shekaranjiya, ana shirin tashi sallar magariba, wani ɗan rubutu ya fito a gefen allo. Alhaji, wanda ya ce bai yi nisa a karatu ba, ya nuna shi da rimot.

"Malam, yaushe zai ƙare?"

"Jibi," na ce.

"To kada ka manta." Ya miƙe yana neman takalmansa. "Gata ruwa."